Malam Aminu Kano: Ɗan takarar da ya ɗauko kukan haraji daga karkara zuwa zaɓen shugaban ƙasa

Wanda ya bi hanyar Dambatta daga birnin Kano, ko ya ɗauki ta Katsina ya nufi Bichi, abu na farko da zai lura da shi shi ne babu daji. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaye cikin shuka kamar an ƙidaya su. Ƙasar Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Makoda ta cika da jama'a tun kafin zuwan Turawa, har ba a san barin gona ta huta ba. Taki ne ke riƙe da ita, shi ya sa a da jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangalar taki. Manomin wannan yanki ba mai faɗin gona ba ne. Abin da ya noma na gero da dawa da wake da ƙyar yake kai shi wata damina, sai ya haɗa da saƙa ko ginin tukwane ko ci-rani. A irin wannan gida ne aka fi sanin nauyin haraji, kuma a nan ne siyasar Malam Aminu Kano ta sami ma'anarta, duk da cewa shi ɗan birni ne, ɗan gidan malamai.

An haife shi ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne da ya yi aiki a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Gyanawa waɗanda aka sani da ilmi da alƙalanci. Ya yi karatun allo a gida, ya shiga makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna inda ya gama a 1942. Koyarwa ta kai shi Bauci, can ya yi hulɗa da Malam Sa'adu Zungur wanda ya yi tasiri ƙwarai a tunaninsa, kuma ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 ya tafi Ingila ƙarin karatu a sashen koyon malanta na Jami'ar Landan. Da ya dawo ya tsaya wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, aka kuma tura shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. Duk wanda ya san yadda ake hawa a wancan zamani ya san hanya a buɗe take gabansa: ɗan asali, mai ilmin addini da na boko, a lokacin da irinsu ba su cika tafin hannu ba. Ya ajiye aikin a ƙarshen 1950.

Watanni kaɗan kafin haka, ranar 8 ga Agusta 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta. Malam bai kasance cikin takwas ɗin ba, amma ba a daɗe ba ya zama fuskar jam'iyyar, ya karɓi shugabancinta a 1953.

Domin a gane abin da NEPU ke yaƙa da shi, sai an tuna yadda mulkin En'e yake a ƙauye. Mai unguwa ne ke ƙidayar magidanta, dagaci ya tara kuɗi, hakimi ya kai baitulmali. Haraji na kan kowane baligi namiji, jangali na kan kowace saniya. Lokacin karɓa kuwa ya dace da kaka, sa'ad da hatsi da gyaɗa suka fi arha. Sai manomi ya kwashi abin da ya noma ya kai kasuwa a farashin banza don ya sami takardar shaida, bayan wata biyar ko shida ya dawo sayen hatsin da tsada, ko ya ci bashi, ko ya jinginar da gonar da dama ba ta ishe shi ba. Wanda ya kasa biya, ga ɗan doka, ga kotun alƙali, ga gidan yari, kuma ukun nan duk a hannun hukuma ɗaya suke da wadda ta yanka harajin. Ban da wannan akwai aikin tilas a gandun masu sarauta, da gaisuwa iri-iri da ba ta shiga kowane littafi. Malam Aminu bai ƙirƙiro wannan kuka ba. Abin da ya yi shi ne ya ba shi suna, ya kawo masa hujja daga Alƙur'ani da rubuce-rubucen Shehu Usman Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu, ta yadda ba za a iya kore shi da cewa ra'ayin baƙi ya ɗauko ba. Masu mulki suna jingina da jihadin Shehu, shi kuma ya ɗauko littattafan masu jihadin ya auna su da su. A ganina wannan ne makaminsa mafi kaifi.

Sai dai kuka daban, ƙuri'a daban. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a birni a matakin farko, amma kafin a kai matakin ƙarshe tsarin ya tace ta. A 1954 Malam ya nemi kujerar majalisar tarayya ya sha kaye a hannun Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Legas. Karkara kuwa ta NPC ce a yawancin shekarun nan, kuma ba abin mamaki ba ne. Ɗan birni na iya ɗaga tutar tauraro ya ɓace cikin jama'a, amma a ƙauye mai unguwa ya san kowa, ya san gonar kowa. Mutane da yawa sun sha ɗauri da bulala da tara a kan laifuffuka irin su taro ba izini ko zagin sarauta, wasu suka bar garuruwansu. Mata a Arewa ba su da ƙuri'a ko ɗaya a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, abin da NEPU da Hajiya Gambo Sawaba suka yi ta fafutuka a kai.

Zamanin soja ya sauya filin. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a shekarar da Malam ya shiga gwamnatin Janar Yakubu Gowon a matsayin kwamishinan sadarwa na tarayya, daga baya ya koma ma'aikatar lafiya har 1974. A cikin waɗannan shekaru aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage ikon hakimai. Fari ya afka wa Arewa a farkon shekarun 1970, cuta ta bi gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Kuɗin man fetur na zuba a birane, amma manomin Tsanyawa da Kunchi na nan yana biyan haraji bayan amfanin da yake biya da shi ya mutu.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam ya zauna da waɗanda suka haifi NPN, ya ga ba tafiyarsu ɗaya ba, ya fita ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Jam'iyyu biyar aka yi wa rajista, kowace da ɗan takararta da abin da take tallatawa. Alhaji Shehu Shagari na NPN, mai alamar gida da masara, ya yi alkawarin abinci da muhalli da haɗin kan ƙasa. Cif Obafemi Awolowo na UPN ya tsaya kan ilmi da magani kyauta. Dakta Nnamdi Azikiwe ya fito a NPP da tsohon kwarjininsa, Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP kuma yana kiran siyasa ba da gaba ba. PRP ce mafi ƙarancin kuɗi a cikinsu. Malam, da mataimakinsa Samuel Ikoku, sun yi maganar 'yancin talaka da ilmin mata da adalci a kotu, amma abin da ya fi shiga kunnen mutanen karkara gajere ne: za a soke haraji da jangali. Ba alkawari ne da ke bukatar fassara ba, kowane magidanci ya san ko nawa ne a aljihunsa.

Wani abin al'ajabi shi ne haraji ne ya kusa hana shi tsayawa. Dokar zaɓe ta ce dole ɗan takara ya nuna shaidar biyan harajinsa na shekara uku, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta ce takardun Malam ba su cika ba. Azikiwe ma ya gamu da irin wannan. Sai da kotu ta wanke Malam, saura kwanaki kaɗan a jefa ƙuri'a, bayan abokan karawarsa sun daɗe suna zaga ƙasa ba tare da wannan shakku a kansu ba.

An yi zaɓuɓɓukan ne a tsakiyar damina, daga 7 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta 1979, lokacin da ko yini guda manomi ba ya son barin gona. Wannan karon mata sun fito, 'yan shekara 18 sun fito, dagaci kuma ba shi da kurkuku. PRP ta ci gwamnan Kano da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Alhaji Balarabe Musa. A zaɓen shugaban ƙasa Malam ya sami ƙuri'a 1,732,113, ya zo na huɗu da kusan kashi 10 cikin 100, Shagari kuwa ya sami 5,688,857. Amma a Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, Malam ya kwashi sama da kashi 76. Birni kaɗai ba zai ba da wannan adadi ba, domin mafi yawan masu zaɓe a karkara suke. Ƙauyukan da suka shekara ashirin suna rufe baki su ne suka yi magana.

Ƙuri'ar tasu ta girgiza ƙasa ta inda ba a zata ba. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, ta goma sha ukun ita ce Kano, inda ya tsaya a kashi 19.94. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya kawo lissafin cewa biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a Kano za a auna ne da kashi biyu bisa uku na ƙuri'un jihar. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari ranar 26 ga Satumba 1979. Har yau ɗaliban shari'a na muhawara a kan wannan hukunci, ba kasafai kuma ake tuna cewa manoman Kano ne suka jawo shi ba.

Da hawansu mulki a Oktoba 1979, Rimi da Balarabe suka soke haraji da jangali. Gaskiya ce kuɗin mai ya sauƙaƙa matakin, domin jihohi sun riga sun koma dogaro da kason tarayya, kuma masu cewa tun daga nan ƙananan hukumomi suka saki neman kuɗin shiga na kansu suna da abin faɗa. Amma ga mai gona biyu a Dawakin Tofa, ma'anarsa ita ce hatsin kaka ya zauna a rumbu. Ma'aikata su ma sun sami rabonsu: gwamnatocin PRP ne suka fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗin faɗa ba ne. Jam'iyyar ta dare biyu a kan hulɗar gwamnonin nan da takwarorinsu na UPN da GNPP. 'Yan Santsi suka bi Rimi da Balarabe, suna zargin na kusa da Malam da sassautawa ga NPN, 'yan Taɓo suka tsaya tare da shi. Rabuwar ta shiga har cikin gidaje da majalisun ƙauye. An tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, ranar 10 ga Yuli kuma tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya iya tara mabiya, amma riƙe jam'iyyar da ta ɗanɗani mulki ya fi ƙarfin halinsa na malami mai jan hankali da lalama. Wannan rauni ne, kuma masoyansa ba su rage masa komai ba in sun amince da shi.

Duk da haka PRP ta sake tsayar da shi a 1983, ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, abin da ba a saba gani ba a siyasar ƙasar nan. Bai kai ga zaɓen ba. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja, yana da shekara 62, aka binne shi a nan. Watanni huɗu bayan haka Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ɗan takarar ɓangarensa, ya kayar da Rimi wanda ya koma NPP. Gidan na Gwammaja, da ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ɗakunansa da kayansa na nan yadda ya bar su ga mai son gani.