Gambo Sawaba: Matar da ta hau dandamali ranar da maza suka yi shiru

A farkon shekarun 1950, tsayawa gaban jama'a a soki hukumar En'e a Arewacin Najeriya abu ne da kan kai mutum gidan yari. A irin wannan yanayi ne wata matashiya mai suna Hajaratu ta yi suna da magana ba tare da takarda a hannu ba.

An haife ta a 1933. Mahaifinta ɗan asalin Ghana ne da ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa, mahaifiyarta kuma Banufiya ce. Ana kiranta Gambo saboda ta biyo tagwaye. Karatunta bai wuce firamare ba, domin ta rasa iyayenta tana ƙarama, aka kuma yi mata aure tana da shekara 13.

Tana da kimanin shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta kuma zama shugabar mata a Zariya. Masu ba da tarihinta kan ambaci wani taron lacca a garin, inda tsoron kamu ya hana maza buɗe baki. Sai ta miƙe ta hau dandamali, ta faɗi abin da ke ran kowa. Daga nan sunan Sawaba, taken jam'iyyar, ya bi ta.

Ƙarfin halinta ya samo asali ne daga sanin abin da take magana a kai. Auren wuri, harajin da ya fi ƙarfin talaka, aikin tilas da hana mata ilimi, duk abubuwa ne da ta gani da idonta, wasu ma a kanta suka faru. Don haka ko an kira ta bagatatan, misalai na nan a bakinta, cikin Hausar da 'yan kasuwa da matan aure ke ganewa. Ta kuma je Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta riga ta gogewa wajen haɗa kan mata.

Bakinta ya jawo mata wahala. An kama ta a Kano bayan ta riƙa shiga gidaje tana wayar da kan matan kulle, daga baya aka kore ta daga birnin. An sha yi mata duka, kuma ana lissafa cewa sau 16 aka ɗaure ta. Duk lokacin da ta fito, sai ta koma dandamali.

Babban abin da ta nema, wato 'yancin matan Arewa na kaɗa ƙuri'a, ya tabbata a 1976. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP.

Hajiya Gambo Sawaba ta rasu a watan Oktoban 2001. A yau babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya na ɗauke da sunanta.