Kenneth Dike, mutumin da ya ƙwace takardun Najeriya daga bakin gara

Kowane ɗan kasuwa da ke ratsa iyaka tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya san darajar takarda. In takardar duwan ta ɓace, rantsuwa ba ta fidda kaya. To, ƙasa ma haka take, shi ya sa yau muka waiwayi rayuwar Farfesa Kenneth Onwuka Dike.

An haife shi a shekarar 1917 a Awka, ƙasar Ibo, garin da ya yi suna da maƙera masu yawon neman kasuwa. Ya yi karatu a Saliyo da Birtaniya, ya sami digirin dakta a Landan. Littafinsa na 1956 ma a kan ciniki yake: yadda fataucin manja da siyasa suka cakuɗe a bakin kogin Kwara daga 1830 zuwa 1885.

Wajen wannan bincike ne ya ga ɓarna. Tsofaffin takardun hukuma na jibge a ɗakunan ajiya, gara da danshi na cinsu, ba mai kula. Daga 1951 ya zagaya yana ƙididdige su, ya rubuta wa gwamnatin Turawa rahoto. A 1954 aka buɗe ma'ajiyar takardun ƙasa a Ibadan, shi ne shugabanta na farko, daga baya aka yi rassa a Enugu da Kaduna. Na Kaduna shi ya fi shafarmu, don nan aka tara rahotannin lardunan Arewa, da lissafin haraji, da rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami.

A ganinmu babban aikinsa shi ne mai da adana takardu sana'a mai ƙa'ida: a tantance, a jera, a ba kowane fayil lamba, a buɗe wa mai nema. Wannan dai shi ne abin da ƙungiyoyin ma'aikatan adana takardu ke karewa a ƙasashensu. Shi kansa ya yarda da haɗin kan masu sana'a, don shi ne shugaban farko na ƙungiyar masana tarihin Najeriya da aka kafa a 1955.

Ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar Ibadan. A yaƙin basasa ya bi ɓangaren Biyafara, bayan yaƙi ya koyar a jami'ar Harvard ta Amurka. Ya rasu a Enugu a watan Oktoba na 1983.