Shehu Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya karanci taurari

Tun 1995, lokacin da aka gano duniyar farko da ke kewaya wani tauraro irin ranarmu, masana ke neman wadda ta yi kama da tamu, mai ruwa da iska. Ɗalibai na tambaya ko malamanmu sun taɓa ɗaga kai sama. Sun ɗaga.

Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, Allah Ya jiƙansa, mutumin Katsina ne. Ya yi karatu a hannun malamai irin su Muhammadul Wali na Bagirmi, ya ƙware a fiƙihun Malikiyya da hisabi da ilimin falaki. Ya fuskanci gabas don aikin hajji fiye da shekara 170 kafin mutanen Sarkin Musulmi Attahiru su sauka Mai Wurno, daga baya ya zauna Alƙahira.

Ya rubuta Bahjatul Afaƙ kan hatimai. Ad-Durrul Manzum kuwa ya gina shi ne kan wani littafi da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi, malamin da ya kafa hujja cewa ikon Allah bai gaza halittar duniyoyi dubbai bayan tamu ba. A rubuce-rubucen Shehun akwai ɗalasimai da duba, waɗanda shari'a ba ta yarda da su ba, kuma ba na ba ɗalibi shawarar bin su. Lissafinsa dai tsararre ne.

Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin Masar, wanda ya bar wa littattafansa.