Dorugu Ɗan Dambanas: Rayuwarsa, Tafiye-Tafiyensa da Hidimarsa ga Harshen Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya fita daga birnin Daura ya nufi arewa, ya bi ta Kwangwalam ya tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, zai ratsa Matamaye, sa'an nan ya iske wani tsohon gari mai suna Kance kafin hanya ta kai shi Damagaram. A wani ƙauye na kusa da wannan gari, wanda ake kira Dambanas, aka haifi Dorugu. Daurawa sun saba da labarin Bayajida, baƙon da ya taso daga gabas ya ratsa Barno ya sauka a garinsu. Amma kaɗan ne suka san cewa a maƙwabtansu an yi wani yaro wanda ya je Tambutu, ya ƙetare hamadar Sahara, ya shiga Landan, alhali bai kai shekara 20 a duniya ba. Makasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun rayuwar wannan bawan Allah, a kuma nuna cewa manyan littattafan farko na nazarin Hausa da rubutun boko sun dogara ƙwarai a kan abin da ya fito daga bakinsa, ko da yake sunan wani ne a bangonsu.

Haihuwarsa da halin da ƙasa take ciki

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840, a gidan talakawa masu rayuwa da noma. A wannan zamani yankin da ke tsakanin Daura da Damagaram ba ya cikin kwanciyar hankali. Tun farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya karɓi tuta ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Daga bisani zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa mazauni a Zango da Ɓaure, suna jingine da Damagaram, ita kuwa Damagaram tana biyayya ga Shehun Barno. Ƙananan garuruwa da ƙauyukan da ke tsakanin waɗannan dauloli su ne suka fi shan wuya, domin kowane lokaci ana iya kai musu hari a kwashe mutane a sayar.

Irin wannan hari ne ya rutsa da Dorugu yana ɗan shekara 11 ko 12. Aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Damagaram, daga nan ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe a Kukawa, babban birnin Barno na wancan lokaci. Wannan ita ce doguwar tafiyarsa ta farko, kuma a cikin bauta ya yi ta.

Haɗuwarsa da Turawa

A shekarar 1850 gwamnatin Ingila ta turo wasu Turawa uku daga Tarabulus don su binciki ƙasashen da ke kudu da Sahara, su kuma ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna. Shugabansu shi ne James Richardson, Baturen Ingila, tare da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa. Mutanen ƙasa suna kiran Barth da sunan Abdulkarim, Overweg kuwa suna ce masa Tabib, watau mai magani.

Overweg ne ya fara ɗaukar Dorugu aikin kula da raƙuma, daga baya ya fanshe shi ya 'yanta shi. Haka kuma ya 'yanta wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, wanda ya zama abokin tafiyar Dorugu na shekaru masu yawa. A watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kashe Overweg a wani ƙauye da ke gaɓar Tafkin Chadi. Da haka yaran biyu suka koma hannun Barth, wanda ya rage shi kaɗai cikin Turawan uku, ga shi kuma ya ƙudura niyyar zuwa Tambutu.

Tafiyar Tambutu

Ayarin ya bar Kukawa a watan Nuwamba na 1852, ya sauka Damagaram a ƙarshen shekarar. Ashe ke nan Dorugu ya komo ƙasarsu yana ɗa, bayan ya bar ta yana bawa, amma bai tsaya ba. A farkon 1853 suka shiga Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Daga can suka nufi Sakkwato ta ƙasar Zamfara, inda dole suka ratsa dajin Gundumi. Wannan daji ba shi da ruwa, ga kuma tsoron mayaƙan Gobir, saboda haka matafiya ba sa yada zango a cikinsa. Barth ya rubuta cewa sun yi awa 26 suna tafiya ba hutawa kafin su fita daga dajin. A bakinsa suka iske sansanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya karɓe su da mutunci ya ba su izinin wucewa.

Bayan sun zauna a Wurno sun ziyarci Sakkwato, sai suka wuce Gwandu ta Sarki Halilu. A watan Yuni suka tsallaka kogin Kwara a garin Say, suka shiga ƙasashen Liptako da duwatsun Hombori a tsakiyar damina, ga fadamu, ga cututtuka, ga dabbobin ayari suna mutuwa. Ran 7 ga Satumba, 1853, suka shiga Tambutu.

Zaman Tambutu bai yi musu daɗi ba. Mahukuntan Masina, waɗanda birnin yake ƙarƙashin ikonsu, ba su yarda Nasara ya zauna a cikinsa ba. Shehu Ahmad al-Bakka'i, babban malamin Kunta, shi ne ya tsaya ya kare baƙon da mutanensa. Sai a watan Mayu na 1854 suka samu hanyar tashi sosai, suka bi gaɓar Kwara ta Gao har suka komo Say, daga nan Sakkwato, sa'an nan Kano a watan Oktoba. A ƙarshen shekarar suka isa Kukawa. Tafiyar ta ɗauki shekara biyu cur, har a Turai an riga an baza labarin cewa Barth ya mutu. A duk tsawon wannan lokaci Dorugu yana cikin masu ɗaure kaya da sauke su, da kiwon dabbobi, da hidimar masauki, aikin da in babu shi ayari ba ya motsawa.

Ƙetare Sahara da shiga Turai

A watan Mayu na 1855, cikin tsananin bazara, Barth ya kama hanyar gida tare da Dorugu da Abbega. Suka bi tsohuwar hanyar fatake ta Bilma da Murzuk, hanyar da aka daɗe ana kora bayi a kanta zuwa kasuwannin arewacin Afirka, wadda matafiya suka sha ba da labarin ƙasusuwan mutane da ke warwatse kusa da rijiyoyinta. Da Overweg bai fanshe shi ba, da wataƙila ta wannan hanya za a bi da Dorugu a ɗaure. A ƙarshen watan Agusta suka isa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta Malta zuwa Faransa, suka ratsa Faris, suka sauka Landan a farkon Satumba. Daga baya Barth ya tafi da su Jamus, suka ga Hamburg da Balin.

Zamansa da Schön

Barth ya yi niyyar mayar da yaran ƙasarsu a 1856. Amma wani limamin mishan, James Frederick Schön, ya shawo kansu suka zauna a gidansa a Ingila, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Shi Schön ya fara sha'awar Hausa tun tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841, wadda ya yi tare da Samuel Ajayi Crowther, har ya wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Sai dai bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, saboda haka yana matuƙar bukatar wanda ya sha harshen a nono.

A 1857 aka yi wa yaran biyu baftisma, aka sa wa Dorugu suna James Henry. Abbega ya komo Afirka a wannan shekara, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna da Schön har 1864. A cikin waɗannan shekaru yakan faɗi magana Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, da karin magana, da labarai, da tarihin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan. Da wannan taimako Schön ya fassara wasu sassa na Littafi Mai Tsarki, ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da kuma littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu ya fito. Schön ya samu lambar yabo a Faransa da digirin girmamawa na Jami'ar Oxford saboda wannan aiki.

Labarin Dorugu yana da daraja ta fuskoki uku. Ta fuskar harshe, ya adana Hausar yankin Damagaram, maƙwabciyar Dauranci, kamar yadda ake yin ta a tsakiyar ƙarni na 19. Ta fuskar adabi, yana cikin rubutattun zube mafi daɗewa da aka samu da Hausar boko, shekaru da dama kafin gasar 1933 wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Gandoki. Ta fuskar tarihi kuwa, Barth ya cika littattafai biyar da abin da Bature ya gani a ƙasar baƙar fata, shi kuma Dorugu ya bar bayanin abin da Bahaushe ya gani a ƙasar Turawa, har da yadda suke zaman cin abinci da irin tufafin matansu. Bugu da ƙari, ya ba da labarin bauta daga bakin wanda aka kama.

Komowarsa da rasuwarsa

Bayan ya komo a 1864, Dorugu ya yi aikin tafinta ga Turawa. A ƙarshen rayuwarsa ya haɗu da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa. Shi ma Vischer ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, watau ya bi hanyar da Dorugu ya bi shekara 51 kafin nan, sai dai shi kudu ya nufo. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, wadda ita ce makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Arewa, sai ya ɗauki tsohon ya riƙa koyar da karatu da rubutun boko. Ta haka Hausar da ya bayar a Ingila yana yaro, ita ce ya zo yana koya wa malamai da 'ya'yan sarakuna rubutawa da tsufansa. Ya rasu a Kano a 1912, yana da shekara 70 da 'yan kai.

Kammalawa

Bayan rasuwarsa sunan Dorugu ya daɗe a ɓoye, sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa zuwa Turanci, suka wallafa shi tare da na Maimaina na Jega, jikan Abbega. Duk da haka, a darussan tarihin rubutun Hausa an fi ambaton Schön da Barth da Robinson da Bargery, a wuce mutanen da suka zauna gabansu suna faɗa musu kalma ɗaya bayan ɗaya. Babu mai musun wahalar da waɗannan Turawa suka sha. Amma nahawu da ƙamus ba sa samuwa sai da mai harshe, kuma mai harshen da Schön ya fi dogara da shi shi ne wannan yaro na Dambanas. Ya kamata ɗaliban Hausa, musamman 'yan ƙasar Daura da Damagaram waɗanda suka fi kowa sanin karin harshensa, su koma ga Magana Hausa su nazarci labarin a Hausarsa ta asali, su daidaita rubutunsa da ƙa'idojin yau, don ya shiga hannun 'yan makaranta da sunan mai shi.