Malam Aminu Kano: Malamin Da Ya Auna Tsarin Mulki Da Gonar Talaka

Yau ina so mu tuna da Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa. Na lura matasanmu sun san sunan a filin jirgi da asibiti, amma kaɗan ne suka san abin da ya tsaya a kai.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, gidan ilimi ne, mahaifinsa Malam Yusufu muftin kotun alƙali ne. Ya yi karatun allo da na boko har Landan, ya koyar a Bauchi da Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi NEPU, ya zama shugabanta a 1953.

Me ya fitar da shi? Ku tambayi dattawan Ɗambatta, Bichi ko Makoɗa yadda noma yake a lokacin. Mutum ya noma gero da gyaɗa, kafin ya ci, haraji na jiransa. Bafulatani kuma jangali. 'Yan doka, kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun En'e. To talakan da hakimi ya zalunta, wajen wa zai kai ƙara? Malam ya gane cewa wannan matsala ce ta tsarin mulki, ba ta halin hakimi ɗaya ba. A zaɓen 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya tace 'yan takararta kafin a kai majalisa.

Shi ya sa ya halarci tarukan tsarin mulki a Landan, ya shiga majalisar tarayya a 1959, ya kuma zauna a kwamitin da ya tsara kundin 1979. Ya dage a ba matan Arewa ƙuri'a, kuma hujjarsa daga addini yake kawo ta, don mai tafsiri ne, yana cikin waɗanda suka fara kafa Islamiyya a Kano. Magoya bayansa sun sha bulala da ɗauri. Bai ci shugabancin ƙasa a 1979 ba, amma PRP ta ci Kano da Kaduna, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, tsohon kwamishinan tarayya, amma bai bar dukiyar a zo a gani ba.

Ni abin da nake ɗauka a nan shi ne: duk dokar da aka rubuta a Abuja sai ta iso bakin rumbunka. Idan aka zo gyaran kundin tsarin mulki, ko maganar kuɗin ƙananan hukumomi, kada ka ce ba ruwanka. Ka karanta, ka tambaya, kuma kada ka sayar da ƙuri'ar da wasu suka sha ɗauri dominta saboda taliya da sabulu.

Allah ya gafarta wa Malam, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Amin.