Gaus, ɗan talakan Jamus da ya gano dutsen da ya ɓace a sararin sama

Ƴan koleji da ke fama da lissafin da ake neman abu biyu a lokaci ɗaya, wataƙila malaminku ya taɓa ambata muku sunan Gaus. To, ga mai sunan.

An haifi Karl Firidirish Gaus ranar 30 ga Afrilu 1777 a birnin Biraunshwaig na ƙasar Jamus. Ubansa aikin ƙarfi yake yi, uwarsa kuwa ba ta yi karatu ba. Da ƙwaƙwalwar yaron ta bayyana a lakwal, sai sarkin ƙasar ya ɗauki nauyin karatunsa har jami'ar Gotingen.

Abin da ya fito da shi duniya ya faru ne a 1801. Ranar farko ta shekarar, wani masanin taurari a Italiya, Piyazi, ya hango wani ƙaton dutse mai zagaya rana, wanda aka sa wa suna Seres. Ya bi shi kwana arba'in da ɗoriya, sai hasken rana ya ɓoye shi. Ina za a neme shi kuma? Gaus, yana ɗan shekara 24, ya zauna da ƴan alkaluman nan ya lissafa hanyarsa. A watan Disamba aka duba inda ya nuna, ga shi nan.

Irin wannan aiki yana tara wa mutum jerin lissafi masu ɗauke da abubuwa da yawa da ba a sani ba. A aikinsa na 1810 kan wani dutsen, Palas, har guda shida ya nema, kuma duk da hannu. Dabarar ita ce a riƙa kawar da su ɗaya bayan ɗaya. Misali: tiya 2 ta hatsi da tiya 1 ta wake jika 2 ne; tiya 1 ta hatsi da tiya 3 ta wake jika 3 ne. Ninka cinikin na biyu, ya zama hatsi 2, wake 6, jika 6. Farashi bai sauya ba, tunda kaya da kuɗi aka ninka tare. Yanzu cire na farko daga ciki: hatsi ya fita, saura wake tiya 5 a jika 4. Ke nan tiyar wake 800 ce, ta hatsi 600.

Gaskiyar magana, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tana cikin wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, wanda malami Liyu Hui ya yi wa sharhi tun shekara ta 263. Abin da Gaus ya yi shi ne tsara ta yadda mai lissafi zai bi mataki-mataki ba tare da ya ruɗe ba, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai bayan mutuwarsa da daɗewa sunansa ya manne mata.

Daga 1807 ya shugabanci gidan nazarin taurari na Gotingen. Matarsa ta fari, Yohana, ta rasu a 1809, rashin da ya girgiza shi ƙwarai. Uwarsa ta ƙare rayuwarta a gidansa. Shi kuma ya rasu ranar 23 ga Fabrairu 1855 yana da shekara 77, kuma Jamus ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta mark 10 har zuwan yuro.