Benjamin Franklin: Mutumin da Ya Riƙa Yi wa Halinsa Lissafi

An haifi Benjamin Franklin a garin Boston na ƙasar Amurka a shekarar 1706. Mahaifinsa mai sana'ar sabulu da kyandir ne, Benjamin kuwa shi ne na 15 cikin 'ya'yansa 17. Yana da shekara 10 karatunsa na makaranta ya tsaya, da ya kai 12 aka danƙa shi ga wansa James don ya koyi aikin ɗab'i. Da zama ya ƙi daɗi, sai ya gudu Filadalfiya a 1723, ba shi da ko sisin kirki.

Tun yana saurayi ya lura cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta gyara mutum, domin abin da jiki ya saba da shi yakan rinjaye ta. Saboda haka ya zaɓi halaye 13 da yake son su zame masa jiki, ciki har da kame baki da tattali da himma da tsabta da tawali'u. Ya sami ɗan littafi, ya raba kowane shafi gida bakwai don kwanakin mako, sannan ya jera halayen. Maimakon ya tunkare su gaba ɗaya, sai ya ware wa kowanne mako guda. Da dare yakan ɗiga baƙin ɗigo a gaban halin da ya saɓa wa a ranar. Cikin mako 13 yakan kammala zagaye, wato sau huɗu ke nan a shekara.

Haka kuma ya tsara wuninsa. Yakan tashi ƙarfe 5 na asuba ya ƙudurta alherin da zai aikata, kafin ya kwanta ƙarfe 10 kuma ya binciki abin da ya cika.

Bai kai ga kamalar da ya nema ba. Ajiye komai a muhallinsa ya gagare shi har tsufa, girman kai ma bai rabu da shi sarai ba. Duk da haka ya yi imani cewa ƙoƙarin ya kyautata rayuwarsa. Ya mallaki jarida a 1729, ya jagoranci kafa ɗakin karatu a 1731, sannan a 1748 ya bar aikin ɗab'i ya koma binciken wutar lantarki da hidimar jama'a. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776. Ya rasu a Filadalfiya a 1790, yana da shekara 84.